Shin Ciwon Suga Yana Taɓa Ƙodar Yarinya Tun Tana Shekara 15?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban ce uffan ba, amma yau tura ta kai bango. Yarinyar wajena tana da shekara 15, kuma tun tana da 9 aka gano tana da ciwon suga irin na yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allura. Shekara shida ke nan ana yi mata allurar insulin mai gauraye, wato mai saurin aiki da mai dogon aiki a kwalba ɗaya, safe da yamma. A makon jiya aka yi mata gwajin nan na wata uku da ake kira HbA1c, ya fito 11, sa'annan aka gwada fitsarinta aka ce an ga furotin kaɗan a ciki. Likita ya ce mai yiwuwa ƙoda ce ta fara jin jiki, ya kuma ba mu takarda zuwa asibitin ido. Ni a sanina, lalacewar ƙoda da makanta abubuwa ne da suke samun dattawa bayan sun shekara talatin da ciwon. Yarinyar tana zuwa makaranta, ba ta kukan komai in ban da yawan tashi fitsari da dare. Shin da gaske ne irin wannan lahani yana farawa da wuri haka? Kuma an ce sai mun sauko da lambar zuwa 7, to anya hakan zai yiwu ba tare da mun jefa ta cikin wani haɗarin ba?

Kawu Mai Ritaya:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai shawarata ita ce ka bi a sannu da maganar lamba 7 ɗin nan. Jikana yana da irin wannan ciwon, kuma shekara biyu da suka wuce uwarsa ta matsa a kan sai suga ya sauka, aka ƙara masa allurar yamma. Wani dare wajen ƙarfe uku muka iske shi yana jijjiga, gumi ya jiƙa katifa, bai san wanda ke kansa ba, ga shi unguwarmu babu abin hawa a wannan lokaci. Allah ne kaɗai ya yi da sauran kwanansa. Suga mai yawa yana ɗaukar shekaru kafin ya yi ɓarna, amma wanda ya faɗi dare ɗaya ya ishe shi. Waɗanda suka tsara lamba 7 suna da na'urar da ake manna wa yaro a hannu tana yi musu ƙara idan suga ya sauka, mu kuwa tsinken gwaji ma sai mun yi lissafi kafin mu saya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Likitar Yara:
Kawu, tsoronka yana da tushe, kuma zan dawo kansa. Bari in fara da Baban Ummi.

Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma a tsawon wannan lokaci suga yana liƙewa a jikinsu gwargwadon yawansa a cikin jini. Abin da HbA1c yake aunawa ke nan. Lamba 11 tana nufin matsakaicin sugan yarinyar dare da rana ya kai kusan 270 a irin ma'aunin na'urar gida, alhali lamba 7 tana daidai da kusan 154. Da zarar suga ya haura 180 ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa tare da shi, wanda shi ne dalilin tashin da take yi da dare. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ba ta kukan komai, domin jikinta yana kuka, an dai saba da kukan ne.

Lahanin yana faruwa ne a ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, kuma sun fi yawa a matatar ƙoda, da bayan ido, da kewayen jijiyoyin ƙafa. Ba ya ciwo a farkonsa. Yaro yana iya karanta rubutun allo sarai alhali bayan idonsa ya fara ɗigon jini. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin sugan yara ta duniya, ISPAD, ta ce a fara duba ido da fitsari da ƙafa tun daga shekara 11 ko farkon balaga, idan yaro ya yi shekara biyu zuwa biyar da ciwon, ba tare da an jira wata alama ba.

Sai dai kada ka yanke hukunci da gwajin fitsari guda ɗaya. Zazzaɓi, da al'ada, da guje-guje, da ciwon mafitsara, har ma da hawan sugan kansa, duk suna iya sa furotin ya fito na ɗan lokaci. Ƙa'ida ita ce a gwada fitsarin farko na safe sau uku cikin wata uku zuwa shida, sai biyu daga ciki sun nuna kafin a tabbatar. Ko an tabbatar ma, a wannan mataki na farko yakan koma daidai a wajen matasa da yawa idan suga ya gyaru. A riƙa auna mata hawan jini a kowace ziyara.

Game da ko saukar da suga yana hana lahani, wannan tambaya ce da aka amsa tun 1993. An yi wani bincike a Amurka da Kanada mai suna DCCT, daga 1983 zuwa 1993, a kan mutum 1,441 'yan shekara 13 zuwa 39. An raba su gida biyu. Gida ɗaya suna allura sau ɗaya ko biyu a rana, lambarsu ta tsaya wajen 9. Ɗaya gidan suna allura sau uku ko fiye tare da yawan gwaji, lambarsu ta tsaya wajen 7. A gida na biyu haɗarin fara ciwon ido ya ragu da kashi 76 cikin ɗari, na fara zubar furotin a fitsari da kashi 39, na lalacewar jijiyoyi da kashi 60. Amma gaskiya ɗaya ce: faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau uku a wajensu.

Kawu Mai Ritaya:
To Likita, ai kin faɗa da bakinki. Idan a Amurka, inda motar asibiti take zuwa ƙofar gida cikin mintoci, faɗuwar ta ninka sau uku, mu nan sau nawa za ta ninka, kuma wa zai ɗauki yaron? Ba gardama nake yi da ilimi ba, amma wanda ya tallafi jikansa yana sanƙarewa a hannunsa ba zai ji lissafin kashi cikin ɗari kamar yadda mai karatu yake jinsa ba.

Likitar Yara:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Da maganar ita ce ko 7 ko babu, da na ba ka gaskiya. Amma haɗarin gangara ne, kowane taki da aka sauko yana da ladansa, kuma ladan ya fi girma ga wanda yake can sama. Alƙaluman wancan binciken sun nuna cewa rage lambar da kashi ɗaya cikin goma nata, kamar daga 10 zuwa 9, yana rage haɗarin ci gaban ciwon ido da fiye da kashi 40. Yarinyar da take 11 ba ta kusa da yankin da kake tsoro, kuma saukar da ita zuwa 9 a cikin watanni aiki ne mai yiwuwa ko da tsinke biyu a rana. Matasan da suke cikin binciken ma, su 195, masu tsananin kular cikinsu a wajen 8 suka tsaya, kuma duk da haka sun amfana. Ba a kuma son a sauko da ita gaba ɗaya cikin gaggawa, musamman kafin a duba idonta, domin saukar gaggawa tana iya tsananta ciwon idon da ya riga ya fara na ɗan lokaci.

Abin da ya sa ba na yarda da cewa a bari sai yaro ya girma ya yi hankali shi ne abin da ya biyo baya. An ci gaba da bibiyar mutanen nan bayan 1993, lambobin gidajen biyu suka dawo kusan ɗaya, wajen 8. Duk da haka waɗanda suka sami kyakkyawar kula da farko sun ci gaba da fin sauran lafiyar ido da ƙoda shekaru masu yawa, kuma a 2005 aka ga cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun ragu da kashi 42 a wajensu. Jiki yana riƙe tarihin shekarun farko, mai kyau ko marar kyau.

Abin da ya sami jikanka kuwa, ina kyautata zaton matsalar tsarin allurar ce. Insulin mai gauraye da aka yi da magariba ƙarfinsa yakan kai ƙololuwa tsakar dare, kuma idan aka ƙara shi don a gyara sugan safe, ko yaro ya yi ƙwallo da yamma bai ci abincin kirki ba, sai a faɗa ramin. Likitan yaro yana iya raba allurar, ko ya mayar da mai dogon aiki zuwa lokacin kwanciya, ko ya koma irin su glargine, wani insulin mai dogon aiki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, idan aljihu zai ɗauka.

'Yar Auta:
Baban Ummi, ina neman afuwa idan na yi kutse cikin maganar manya. Shekarata 24, kuma tun ina da 10 nake allura. Baba, kafin a ƙara mata ko yunit ɗaya, ka tabbatar tana yin wadda aka rubuta mata. Lokacin da nake makarantar kwana nakan tsallake allurar safe sau biyu ko uku a mako, saboda ba na son 'yan ɗakinmu su ga sirinji, tun ranar da wata ta ce ƙwaya nake sha. Littafin da nake kai wa likita kuwa, a daren da za mu je asibiti nake zama in cika shi da lambobi masu kyau, har ina canza biro don kada a gane. Ba rashin hankali ba ne. Duk ranar da na'ura ta nuna 350 faɗa ake yi mini kamar na faɗi jarrabawa, sai na gwammace in daina gwadawa. Akwai kuma lokacin da na lura cewa idan na rage allura ina ramewa, kuma a shekarun nan ramar tana burge ni. Sakamakon haka sau biyu aka kwantar da ni ina amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, na farkon ma sai da aka yi kwana biyu ana ba ni maganin taifod. A shekara 19 aka ga tabo a bayan idona na hagu. Alhamdu lillahi ya tsaya inda yake tun da na gyara. Ka sa mahaifiyarta ko wata yayarta ta zauna da ita, ba da sigar tuhuma ba.

Hajiya Babba:
Allah ya shirya mana zuri'a. Ni kuma ina ganin yawan allurar nan ita ma tana gajiyar da ƙoda. Maƙwabciyata ta dage da shan ruwan shuwaka da garin zogale, yanzu ta ajiye magungunanta gaba ɗaya. Me zai hana a gwada wa yarinyar, a ɗan hutar da ita?

Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya, da girmamawa, wannan shawara tana iya kashe yarinyar cikin kwanaki kaɗan. Maƙwabciyarki mai yiwuwa irin na manya gare ta, wanda jiki yake samar da insulin amma ba ya wadatarwa. Irin na Ummi, jiki ya daina samarwa. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar a Toronto, yaran da suka kamu da wannan ciwon ba sa daɗewa a duniya, duk da cewa ganyaye suna nan a lokacin. Zogale abinci ne mai kyau, ta ci kwaɗonsa, amma ba ya zama a madadin allura. Insulin ba ya lalata ƙoda, rashinsa ne yake lalata ta. Ko yaro ba shi da lafiya ba ya cin abinci, ba a dakatar da shi, sai dai a yawaita gwaji a nemi likita.

Baban Ummi, ka duba abu biyu a gida yau. Na farko, kwalba da sirinji. Akwai insulin mai yunit 40 a kowace mililita, akwai mai 100, kuma kowanne da sirinjinsa. Idan aka ja mai 40 da sirinjin 100, yaro zai sami ƙasa da rabin abin da aka rubuta masa, idan kuma aka juya, zai sami ninki biyu da rabi. Na biyu, ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firiji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe tana yin kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin babba, yashi mai danshi a tsakaninsu, a inuwa inda iska take ratsawa. Dabarar nan ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Idan insulin mai gauraye ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba bayan an murza shi a tafin hannu, a jefar.

Na Ɗakin Gwaji:
Ƙari kaɗan daga ɓangarenmu. Gwajin HbA1c yana dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, don haka ga mai sikila, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya farfasa wa jini, lambar tana iya fitowa ƙasa da gaskiya, yayin da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yake iya ɗaga ta. A sanar da likita idan yaro yana da sikila ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka nan idan yaro yana wanka a rafi ko dam, a duba tsargiya kafin a ɗora wa suga laifin furotin ɗin fitsari.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yar Auta, kamar kina gidanmu. Mahaifiyarta ta zauna da ita jiya bayan isha'i, kuma bayan kuka mai yawa ta faɗi cewa ranakun da suke da darasin safe ba ta yin allurar, saboda tana tsoron ta faɗi a gaban 'yan ajinsu kamar yadda ya taɓa faruwa. Mun kuma ga cinyarta ta dama tana da wani kumburi mai tauri, ta ce a nan take yi kullum domin ba ya zafi. Sirinji da kwalba sun dace da juna. Amma da na duba tsofaffin katunanta, sai na ga adadin allurar bai canza ba tun tana da shekara 12, lokacin nauyinta kilo 34, yanzu kuwa 48. Wata tambayar kuma, ta dage sai ta yi azumin bana, domin ƙannenta suna yi mata gori.

Likitar Yara:
To ga dalilai uku sun fito, kuma babu wanda ya gagari gyara. Kumburin nan kitse ne da ya taru saboda maimaita allura a wuri ɗaya, kuma insulin ba ya shiga jini daidai daga cikinsa, wata rana ya yi jinkiri, wata rana ya shiga gaba ɗaya. A bar wurin ya huta watanni, a riƙa zagayawa tsakanin ciki da cinyoyi da ɗuwawu. A yi hattara a kwanakin farko, domin a sabon wuri allurar za ta fi ƙarfi.

Balaga kuma tana sa jiki ya ƙi jin insulin saboda sinadaran girma. Yaron da bai balaga ba yakan buƙaci 0.7 zuwa yunit 1 a kan kowane kilo a rana, mai balaga kuwa yakan kai 1.5, wani ma ya wuce. Ita nauyinta ya ƙaru da kilo 14 a kan adadin da. Kada ka ƙara da kanka, ka kai wa likitanta katunan da wannan labarin duka, ka kuma tambaye shi batun ƙarin allura mai saurin aiki kafin abincin rana, tunda tuwo ko shinkafar rana su ne allura biyu ba ta rufewa da kyau. Idan tsinke biyu kawai kuke iya saye a rana, kada a ƙarar da su kullum da asuba. Yau a gwada kafin karin kumallo da kafin kwanciya, gobe kafin abincin rana da awa biyu bayan na dare, sa'annan sau ɗaya a mako ko biyu a tashe ta ƙarfe biyu ko uku na dare. Ta riƙa tafiya da sukari ƙwaya huɗu a aljihu, kuma malamar ajinsu da ƙawa ɗaya su sani. Idan ya sauka ƙasa da 70, ko ta ji rawar jiki da gumi, ta sha, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a shafa zuma a cikin kumatunsa, a nufi asibiti.

Azumi kuwa, mai lamba 11 da ake zargin ƙodarta tana cikin waɗanda likitoci suke hana wa. Ko waɗanda aka yarje wa, sharaɗin shi ne su karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Malamin Islamiyya:
Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame a fili, kuma malamai sun yi bayani cewa wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa, kuma azumi yana cutar da shi, ciyarwa ce a kansa. Idan amintaccen likita ya ce akwai cutarwa, karɓar rangwamen shi ne biyayya. Ƙannen nata ne suke buƙatar wa'azi, Malam, ka tara su ka karanta musu ayar a gabanta.

Kawu Mai Ritaya:
Na karɓi maganar gangara, Likita, kuma zan sa uwar jikana ta tambayi batun raba allurar yamma, domin tun daren nan muka bar lambarsa ta HbA1c tana yawo tsakanin 10 da 11, ba a kuma taɓa duba masa ido ba, ga shi yana shekara 16. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa gidan da ba shi da tsinken gwajin dare bai kamata a tura shi neman 7 ba.

Likitar Yara:
A kan wannan ba mu saɓa ba, Kawu, lambar kowane yaro da likitansa za a tsayar gwargwadon abin da gidan yake da shi. Idan kun je asibitin ido, ku ce a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa, domin gwajin karanta haruffa ba ya nuna wannan ciwon. Ku kuma tambayi sashen yara na asibitin koyarwa mafi kusa da ku ko suna cikin shirin Life for a Child, wanda yake taimaka wa yara da matasa da insulin da tsinken gwaji a ƙasashe da dama.

Baban Ummi:
Mun je asibitin ido yau da safe, an ɗiga mata maganin, kuma likitan ya ce bayan idon biyu lafiya lau, mu dawo baɗi war haka. Ranar Litinin za mu koma wajen likitanta da katunan da fitsarin safe na biyu. Ta yarda mahaifiyarta ta riƙa tsayawa a kanta lokacin allurar safe, da sharaɗin ba za a yi mata faɗa a kan abin da na'ura ta nuna ba. Kawu, asibitin idon sun ce a zo da wanda zai raka yaro gida, domin ganinsa yakan yi dishi-dishi na wasu awoyi bayan maganin.